Mim Arba'in, Nun Hamsin

A aji biyu na ƙaramar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke bayan garin Gwarzo, babu wadda ta kai Badi'a saurin lissafi. Tun suna aji ɗaya kowa ya san haka. Kafin malami ya gama jera lambobi a allo ta riga ta haɗa su a ka, ta koma kallon taga kamar ba ita ba. Shi ya sa ranar jarrabawar lissafi ake turereniya a kan bencinta, har waɗanda ba sa gaishe ta a sauran kwanaki sai su tuna cewa ƙawarsu ce.

Sai ga shi a zangon damina an zo da aljabara, lissafin da ake cusa haruffa a cikin lambobi. Mai koyar da shi Malam Balarabe ne, mutumin Kabo, dogo siriri mai saurin fushi. Lokaci ne na tsuke bakin aljihu, albashi sai ya ga dama yake zuwa, littafin karatu kuwa nasa ne kaɗai a ajin duka. Alli ma gutsura shi yake yi ya zuba a aljihun gaba kamar goro. Da Turanci yake bayani daga farko har ƙarshe, don dokar makaranta ta hana Hausa a aji, 'yan mata kuma suna amsa masa da ƙarfi cewa sun gane. Rabinsu ba su san ma inda aka dosa ba. Shi dai Malam Balarabe zai iya yafe wa ɗaliba daƙiƙanci, amma satar amsa ko a mafarki ba ya yafewa.

Badi'a ba ta tsorata da aljabara ba. Da ta ga haruffa a allo ma daɗi ta ji, don a ganinta an zo inda ta fi kowa. A gidansu harafin Larabci ba ya zama haka kawai, kowanne da lambarsa da ba ta canzawa. Alif ɗaya, harafin ba biyu, dal huɗu, harafin ya goma, mim arba'in, nun hamsin. Saboda haka da Malam Balarabe ya rubuta m da n, ita mim da nun ta gani sun sa kayan boko. Bayanin da ya yi da Turanci cewa harafi yana tsaya wa kowace lamba ne ya wuce ta saman kanta, kuma a aji mai cunkoso irin nasu babu wanda ya taɓa buɗe aikinta ya duba. Harafi ɗaya ne ya gagare ta, wato x, don ba ta san shi a cikin haruffan gida ba. Tun da ba shi da lamba, sai ta riƙa nemo masa ita kamar yadda ta ga ana yi a allo.

Inda ta koyi lambobin haruffa kuwa, nan ne maganar take da nauyi. Kakanta Malam Dabo, wanda take zaune a hannunsa, mai hisabi ne. Mutum zai zo da niyyar tafiya ko haɗa jari da wani ko neman abin da ya ɓata, a ɗauki sunansa da na mahaifiyarsa harafi bayan harafi, a haɗa lambobinsu, a yi ta zubar da goma sha biyu har a ga abin da ya rage, sannan Malam ya faɗi abin da ya gani. Da wannan ya ci da gidansa tun yana da ƙarfinsa. Amma shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, mutanen unguwa suka kafa kwamitin sa ido, aka bi masu caca da masu duba ɗaya bayan ɗaya. Aka kira Malam Dabo masallacin unguwa bayan la'asar, ya tuba a gaban jama'a, ya rantse ya bari. Shugaban kwamitin, Malam Abdulrahman, shi ya gaya masa a fili cewa in aka sake samun sa da wannan aiki, ko dai kotu ko ya bar garin.

Badi'a ba ta nan lokacin. Sai a daminar da ta biyo baya mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta koma gidansu a Kara, ita kuma aka kawo ta wurin kakan. Duk unguwa ta san ranar da ta zo, ta kuma san bayan rantsuwar ne. Ta tarar da tsoho yanar ido ta rufe masa gani, ba gona ba ɗa namiji, ga hatsi ya yi tsada. Mutane kuma ba su daina zuwa ba, sun dai koma bi ta ƙofar baya da tsakar rana, lokacin da layi ya yi tsit, su ajiye kwanon dawa ko na wake su tafi. Da yake ba ya ganin abin da ya zana a ƙasa, sai ya koya wa jikarsa. Yana faɗin haruffa tana haɗawa a ka. Tuwon da suke ci daga nan yake fitowa, kuma ta san ko da wasa maganar ba ta fita daga bakin zaure.

Ranar jarrabawar ƙarshen zango, wadda ta samu kusa da ita a benci Fiddausi ce, 'yar Malam Abdulrahman. Yarinya ce mai tsabta da iya Turanci, amma lissafi ba ya shiga kanta ko an ƙwanƙwasa. Badi'a ta ji numfashinta a kafaɗa tun tambayar farko. Ba ta rufe takardarta ba, ba ta kuma buɗe ba, ta dai ci gaba da aikinta, ta miƙa kafin kowa, ta fita tana jin ta cinye.

Ran Alhamis Malam Balarabe ya aiko a kira su su biyu ofishin malamai. Takardunsu na gabansa gefe da gefe, ya danne su da dutse don iska. Bai ce su zauna ba. Ya ce ya daɗe yana koyarwa, ya ga kurakurai iri-iri, amma bai taɓa ganin mutum biyu sun yi kuskure iri ɗaya tun daga sama har ƙasa ba. An ce a taƙaita m a tara da n, su biyun sun rubuta casa'in. An ce y sau biyu, sun rubuta ashirin. An ce m a tara da biyar ya ba da goma sha biyu, a nemo m, sun rubuta arba'in babu ko kunya.

Sai a lokacin Badi'a ta gane ba ta ci ba. Kunnuwanta suka yi zafi. Ta so ta ce ai tambayar ce ba daidai ba, mim ba ya zama ƙasa da arba'in, sai ta kama bakinta da sauri.

Malam Balarabe ya koma Hausa, abin da ba su taɓa ji daga bakinsa ba, kuma hakan ya fi Turancin ban tsoro. "Wannan kuskuren yana da tsari," in ji shi. "Duk inda m ya fito arba'in ne, duk inda y ya fito goma ne. Ɗayarku da kanta ta yi shi, ɗayar da idonta. Wadda ta gaya mini inda arba'in ta fito, ita ce mai amsar."

Shi kansa bai gane ba, don tun yana ƙarami aka cire shi daga makarantar allo aka sa shi boko, abin da ya sani na haruffan Larabci bai wuce na salla ba. Fiddausi ta fara kuka tana rantsuwa ba ta kalli takardar kowa ba. Badi'a ta sunkuyar da kai. Amsar na bakinta, kalma biyu ce kacal, kuma da ta faɗe su ta fita. Amma wadda ke tsaye a gefenta da yamma za ta koma gidan shugaban kwamiti, za a tambaye ta yadda aka yi, za ta maimaita abin da ta ji. Yarinyar da ta zo bayan rantsuwa ba ta da inda za ta koyi mim arba'in sai a ɗakin wanda ya rantse.

Da ya gaji da jira ya ce to shi ke nan, maganar ta fi ƙarfinsa. Shugabar makaranta, Hajiya Uwaliya, ta riga ta sanar a taron safe tun farkon zango cewa duk wadda aka kama da satar amsa kora ce. Ran Litinin kowacce ta zo da mahaifinta ko mai riƙonta.

A hanyar gida Fiddausi ta biyo ta da sauri tana tsallake taɓo. Ba ta yi musu ba yanzu. Ta ce in babanta ya ji ita ce ta kwafa, ba dukan take tsoro ba, yadda zai kalle ta take tsoro, mutumin da yake tsayawa a masallaci yana yi wa 'ya'yan wasu faɗa. Ta roƙi Badi'a ta gaya mata inda lambobin suka fito, ko don su biyun su iya bayani a ce tare suka yi karatu. Badi'a ta ce ita ma ba ta sani ba, haka kawai suka zo mata. Fiddausi ta kalle ta ta san ƙarya ce, suka rabu a bakin rijiya ba sallama.

Badi'a ta so gwaggonta Hajaratu, da ke aure a unguwar gaba, ta je a madadin kakan. Ta tarar tana cikin jego, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Dole ta gaya wa tsohon. Ta zaɓi kalmominta, ta ce ana son ganin sa a makaranta kan jarrabawar lissafi, amma in ƙafarsa na ciwo ba dole ba ne. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai dama ya sani, ba yau ya fara cewa kan yarinyar nan ba irin na mutane ba ne, kyauta za su ba ta, kuma ko da rarrafe sai ya je. Ya sa ta ciro masa babbar rigarsa ta salla daga ƙasan adaka ta shanya don warin ajiya ya fita. Ta kasa gyara masa zancen. Tana shanya rigar tana jin haushinsa, tana jin tausayinsa, ta rasa wanne ya fi.

Ran Asabar da azahar wata mata ta shigo ta ƙofar baya, ɗanta zai tafi kudu neman aiki. Malam ya kira Badi'a kamar kullum. Yana faɗin haruffa tana haɗawa, sai ta ji kowace lamba tana mata ɗaci a baki. Da aka zo kan mim sai da ya maimaita kafin ta haɗa. Bayan matar ta tafi ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce kanta ne. Tun a ranar ta yanke abin da za ta yi. Tana son makaranta ƙwarai, ita ce kaɗai wurin da ake kiran sunanta ba a haɗa da maraici ba. Amma makaho tsoho a gaban alƙali, ko a bayan mota da tabarmarsa, wannan ba za ta iya kallo ba.

Ran Litinin an kwana ana ruwa. Ta riƙe masa hannu suka bi gefen hanya, yana ɗage rigarsa daga caɓi, yana amsa gaisuwar mutane da murya sama, har yana gaya wa mai shayi cewa makaranta aka kira shi kan jikarsa. A ofishin Hajiya Uwaliya suka tarar da Malam Abdulrahman ya riga su, yana zaune a miƙe da carbi a hannu, Fiddausi na durƙushe a gefen ƙafarsa. Mutum ne mai kamewa, ba a taɓa jin sa da zalunci ba, ba a kuma taɓa jin ya janye maganar da ya faɗa ba. Ya tashi ya gaishe da tsohon da ladabi, ya tambayi jiki, ya tambayi ido, ya tambayi ruwan jiya, ya ba shi kujerarsa. Malam Dabo ya amsa duka, amma Badi'a ta ji yatsunsa sun ƙara matse nata. Ya fara gane ba kyauta aka kira shi karɓa ba.

Hajiya Uwaliya ba ta ja zance ba. Ta ce an samu satar amsa tsakanin yaran nan biyu, ɗaya za ta bar makarantar yau, in kuma an rasa gane wacce, su biyun za su tafi. Ta juya ga Fiddausi ta tambaye ta. Fiddausi ta dubi ƙafar babanta. Kafin ta samu abin faɗa Badi'a ta riga ta.

"Ni ce na kwafa, Hajiya."

Muryarta ba ta yi rawa ba, don ta kwana tana gwada maganar. Malam Abdulrahman ya sauke numfashi a hankali. Hajiya ta jawo rajista. Hannun tsohon ya saki nata, kuma wannan sakin ya fi mata komai ciwo.

Da Malam Balarabe mutum ne mai barin abu ya wuce, da an tashi a nan. Amma yana tsaye a bakin ƙofa da takardun a hannu, fuskarsa a murtuke. Ya ce a yi masa haƙuri, shi bai yarda ba. Yarinyar da take haɗa lissafi kafin ya gama rubutawa, me za ta nema a takardar wadda ba ta haddace sau bakwai ba? In Fiddausi ce mai amsar, to ta yi bayani a gaban mahaifinta. Ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi, yana kiran haruffan da sunansu na boko: m a tara da n, casa'in. Y sau biyu, ashirin. Harafin a a tara da b, uku. Ya ƙara da cewa abin da ya fi ɗaure masa kai, duk tambayar da aka yi da x sun ci ta daidai, babu kuskure ko ɗaya.

Fiddausi ta fashe da kuka. Badi'a kuwa ba ita take kallo ba, kakanta take kallo. Ya karkata kai gefe kamar yadda yake yi in baƙo na faɗin sunan mahaifiyarsa, leɓɓansa na motsi.

"Malam," in ji shi, "sake karanta mini na farkon. Wane sauti harafin yake bayarwa?"

Malam Balarabe ya faɗa masa. Badi'a ta kamo hannun tsohon da hannayenta biyu ta matse iya ƙarfinta. Ta ce masa a hankali su tafi gida, ta riga ta amsa laifinta, an gama. Bai ko juyo ba. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo a cikin bokitin da aka tara a waje.

"Mim arba'in," in ji Malam Dabo. "Nun hamsin. Casa'in ke nan. Ya goma, sau biyu ashirin. Yarinyar ba ta kwafi kowa ba, kuma ba ta yi kuskure ba a yadda aka koya mata. Ni na koya mata."

Malam Balarabe ya dubi takardar, ya dubi tsohon, sai ya gane abin da nacinsa ya tono. Da zai iya mayar da tambayar cikinsa da ya mayar. Ya yi saurin cewa ai lambobin haruffa ilimi ne sananne, malamai ma suna rubuta shekara da su, ba lallai wani abu ba ne. Hajiya Uwaliya ta gyaɗa kai da sauri ita ma. Ƙofa ce suka buɗe masa, kowa a ɗakin ya ga haka, har Malam Abdulrahman ya kawar da kai gefe kamar mai son a bi ta a wuce.

Tsohon bai bi ba. Wataƙila ya san in ya tsaya a rabin gaskiya za a ci gaba da yi wa yarinyar kallon zargi, wataƙila kuma ƙaryar da ta yi dominsa ce ta tsaya masa a wuya. Ya ce ba shekara suke rubutawa ba. Idonsa ya tafi, mutane na zuwa, ita ke haɗa masa. Ya ce ya sa marainiya aikin da ya rantse ya bari, yau kuma ga ta tana shirin ba da karatunta don ta rufa masa asiri, shi kuwa bai kai lalacewar da zai karɓa ba.

Malam Abdulrahman ya juyo ya dubi tsohon. 'Yarsa na kuka a ƙafarsa, ya san yanzu ita ce ta kwafa, ga kuma abin da aka ajiye masa a gaban shaidu.

"Baba, ka san a gaban wa ka faɗi wannan?"

"Na sani, Abdulrahman. Idona ne ya mutu, kunnena na nan."

Hajiya Uwaliya ta rufe rajistar. Ta ce Badi'a ta koma aji, za a sake mata jarrabawar in an dawo hutu. Game da Fiddausi, tun kafin ta yi magana mahaifinta ya ce a yi mata abin da doka ta ce, ba ya neman alfarma. Ya yi wa kowa sallama, har da tsohon, ya fita 'yarsa na biye.

A hanyar komawa Badi'a ba ta ce wa kakanta uffan ba. Tana riƙe da hannunsa, tana kauce masa da ramuka, amma fushi take yi da shi irin wanda ba ta taɓa yi da kowa ba. Ta riga ta biya, ta haƙura, ya zo ya zubar da abin a ƙasa a gaban mutane. Shi ma bai nemi ta yi magana ba. Rigar sallar ta jiƙe da taɓo har gwiwa, bai sake ɗage ta ba.

Kwamitin bai kai shi kotu ba. An ce Malam Abdulrahman ne ya tsaya a kan a duba tsufansa da makantarsa, amma ɗaya sharaɗin yana nan yadda aka faɗe shi a masallaci. Aka bar shi ya yi sallar Juma'a a garin, washegari ya tafi. Ƙaninsa da ke noma a Dugabau, can ƙasar Kabo, ya aiko cewa akwai ɗaki. Badi'a kuma aka ce ta koma gidan Gwaggo Hajaratu don kada karatunta ya tsaya. Waɗanda suka saba bi ta ƙofar baya babu wanda ya leƙo a kwanakin nan, sai wata tsohuwa da ta aiko da ƙullin daddawa ba ta faɗi sunanta ba.

Ran Laraba Malam Balarabe ya shigo ajinsu duk da an gama jarrabawa. Ya aro kwanon abinci wurin wata ɗaliba, ya kife shi ya nuna babu komai a ciki, ya ce da Hausa harafi a aljabara kamar kwanon nan yake, yau a zuba masa bakwai gobe a zuba masa ɗari, ba shi da nasa na kansa. Ajin duka ya yi ajiyar zuciya, ashe abin ke nan. Bai kalli bencin Badi'a ba har ya fita. Ita ma ta gane sarai, cikin ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba, kuma ganewar ba ta yi mata daɗi ba ko kaɗan. Da ya ɗauki kwanon nan tun farkon zango, da kakanta na zaune a zaurensa.

Ran Asabar da safe ta raka shi tasha. Kayansa ba su da yawa, adaka da tabarma da buta. An sa shi a gaban wata tsohuwar a-kori-kura, ana jiran ta cika. Ta tsaya a jikin ƙofar, har yanzu bakinta da nauyi. Ya yi mata faɗan da ya saba, ta riƙe salla, ta taya gwaggonta aiki, kada ta yi rowar amsa amma ta riƙa rufe takardarta. Sannan ya laluba ya kamo hannunta.

"Wannan harafin da malaminku ya ce kin ci duka, wanne ne? Ban san shi ba."

Ta buɗe tafin hannunsa, ta zana masa da yatsa, layi biyu sun gitta juna.

"Nawa ne?"

"Ba shi da lamba, Malam. Nemo masa ake yi."

Ya shafa wurin da babban yatsansa. "Shi kaɗai ne ban koya miki ba," in ji shi, "shi kaɗai kuma kika ci."

A nan fushin ya sake ta, kukan da ta riƙe tun ran Alhamis ɗin farko ya ƙwace mata. Ta ce masa ba haka ba ne, duk saurin da take da shi a wurinsa ta samo. Bai yi mata musu ba, bai kuma yarda ba. Yaron mota ya buga ƙofa, direba ya tayar. Tana tsaye har motar ta karya kwana ta hau hanyar Kabo, kuma iya inda idonta ya kai, hannunsa na kan taga a dunƙule, bai buɗe shi ba.